Turo-Turo: Tarihin Filifin a Cikin Farantin Talaka

A harshen Tagalog, wanda a kansa aka gina harshen ƙasa na Filifin, kalmar turo tana nufin nuni da yatsa. Daga nan ƙananan gidajen abinci na cikin unguwa suka samo laƙabin turo-turo, wato nuna-nuna. Babu takardar jerin abinci, babu yaron da zai tsaya a kanka da biro. Tukwane ne a jere bayan gilashi, mutum ya leƙa, ya nuna wadda ransa ke so kuma aljihunsa zai iya, a zuba masa a gefen shinkafa. Wanda kuɗinsa bai kai ba sai ya ce a ba shi rabi, a haɗa masa da ɗan romo kyauta. Nan direbobin motar haya da ɗalibai da masu gadi da ƙananan ma'aikata suke cin abincin rana. Galibi mace ce mai wurin. Ana kiranta Aling wance ko Ate, kamar yadda za mu ce Inna wance ko Yaya, kuma ta san sukinta, wato masu zuwa kullum, har takan rubuta musu bashi zuwa ranar albashi.

Irin wannan rumfa ba ta cika shiga littafin tarihi ba. Littafi na sarakuna ne da janar-janar da yarjejeniyoyi. Amma wannan ƙasa mai tsibirai sama da 7,600 ta yi shekara 333 a hannun Sifaniya, ta yi kusan rabin ƙarni a hannun Amurka, ta yi shekara uku a ƙarƙashin sojojin Japan, kuma duk wanda ya ratsa ta ya bar wani abu a cikin tukunya. Mu masu aikin rubuta manhajar kwamfuta mun san ba a cika goge layukan farko na tsohuwar manhaja ba, ɗori ake yi a kansu, kuma wanda ya iya karatu zai gane hannun kowa. Haka jerin tukwanen turo-turo yake. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya da tambaya guda a zuciya: tsakanin baƙon da ya kawo abu da mai girkin da ta karɓa, wa ke da maganar ƙarshe?

Shinkafa da tsami

Tukunyar da ta fi kowace girma ta shinkafa ce. Tagalog na da suna daban ga shinkafa a kowane mataki: palay tana cikin ƙaiƙayi, bigas an cashe ta, kanin an dafa ta. Duk abin da za a ci da ita, nama ne ko kifi ko ganye, sunansa ulam, wato mahaɗi. Mu da muka san matsayin tuwo da miya ba ma buƙatar dogon bayani. A tsaunukan Ifugao da ke arewacin tsibirin Luzon, manoma sun sassaƙa duwatsu hawa-hawa suka mayar da su fadamun shinkafa, aikin da hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1995.

Abu na biyu da ya riga kowane baƙo shi ne tsami. Ƙasa ce mai zafi da laima, inda kifi da nama ba sa kwana lafiya. Mafitar da mutanen suka samu ita ce gishiri da ruwan khal, wanda suke yi da ruwan kwakwa ko na rake ko na wani irin kaba da ke fitowa a bakin teku. Nama idan aka dafa shi a cikin khal da gishiri da tafarnuwa yakan yi kwanaki bai lalace ba. Da Sifaniyawa suka ga wannan girki sai ya tuna musu da wani jiƙon nama na ƙasarsu, suka sa masa sunansa. A ƙamus ɗin Tagalog da wani limamin coci mai suna Pedro de San Buenaventura ya wallafa a 1613, an kira shi adobon 'yan ƙasa. Sunan ya zauna har yau, shi ya sa mutane da yawa suke zaton adobo girkin Turai ne, alhali suna kawai aka ara.

Kusa da adobo akwai sinigang, romo mai tsami da ake yi da kifi ko nama ko jatan lande da ganyaye. Abin da ke ba shi tsamin kuwa tsohuwar sananniyarmu ce, tsamiya, itaciyar da asalinta daga Afirka ne, ta isa Indiya tun zamanin da, daga can ta bazu gabas. Doreen Fernandez, marubuciyar da ta fi kowa zurfafa bincike a tarihin abincin ƙasar kafin rasuwarta a 2002, tana ganin sinigang ya fi adobo wakiltar ɗanɗanon Filifinawa, domin mai kuɗi da talaka duk suna yin sa, kowa da abin da ya samu.

A kan tebur kuma akwai ƙananan kwanoni: patis, ruwan kifi mai gishiri; bagoong, ƙananan jatan lande da aka bari suka ruɓa cikin gishiri, wanda aikinsa a miya ya yi kama da na daddawa; da kalamansi, ɗan mitsitsin lemon tsami. Wannan haɗi shi ake kira sawsawan. Mai girki ba ta jin haushi idan ka ƙara wa abincinta tsami ko gishiri, domin a al'adarsu mai ci ne yake ƙarasa girki a farantinsa.

Taliyar Sinawa

Tukunya ta gaba taliya ce da aka soya da kabeji da karas da 'yan yankan nama. Sunanta pansit, daga wata magana ta Sinawan lardin Fujian mai nufin abincin da ake haɗawa cikin sauri. Tun ƙarni na 10 littattafan daular Song suka ambaci fatake daga waɗannan tsibirai, wato cinikin Sinawa da su ya girmi zuwan Turawa da shekaru ɗaruruwa. Amma zaman Sinawa da yawa a Manila ya kankama ne a zamanin Sifaniya. Masu mulkin suna buƙatar su a matsayin maƙera da masu gini da masu burodi da 'yan kasuwa, kuma suna tsoron yawansu. Sai suka killace su a wata unguwa mai suna Parian, a inda bakin igwa zai iya kaiwa daga ganuwar birni. A 1594 aka ware Binondo ga waɗanda suka karɓi addinin Kirista, unguwar da yau ake ɗauka a matsayin mafi tsufa cikin unguwannin Sinawa na ƙetare. A 1603 da kuma 1639 an yi musu kisan gilla, dubbai suka halaka. Duk da haka bayan kowace fitina sai wasu su sake zuwa, domin birnin ba ya iya tafiya sai da su.

Waɗannan baƙi maza ne marasa iyali, suka auri matan gari, kuma ta ɗakin girkin waɗannan mata abincinsu ya zama na ƙasa. Daga nan aka samu lumpiya, wato naɗin fulawa mai nama ko ganye a ciki, da toyo, baƙin ruwan waken suya da yanzu ake zubawa a adobo, da tokwa, wadda ita ce awararmu. Da safe kuma mai talla yana ratsa unguwa da bokitai biyu a kafaɗa yana kiran taho, awara ce mai laushi kamar kindirmo da ake zuba wa narkakkiyar mazarƙwaila. Gidajen sayar da taliyar su ne gidajen abinci na farko a Manila, ana kiransu pansiteriya, kan kalmar na Sinanci, wutsiyarta ta Sifaniyanci.

Jirgin Akafulko

Ferdinand Magellan ya iso tsibiran a watan Maris na 1521, kuma bai fita da ransa ba, mayaƙan Lapulapu suka kashe shi a Mactan ranar 27 ga Afrilu. Sai a 1565 Miguel López de Legazpi ya kafa sansani a Cebu, a 1571 ya karɓe Manila. Abin da ake yawan mantawa shi ne, ba daga Madrid ake tafiyar da mulkin kai tsaye ba. Har zuwa 1821, Filifin tana ƙarƙashin wakilin sarkin Sifaniya da ke Meziko ne. Igiyar da ta ɗaure su kuwa manyan jiragen ruwa ne masu tafiya da iska, waɗanda suka yi shekara 250, daga 1565 zuwa 1815, suna zirga-zirga tsakanin Manila da tashar Akafulko. Sukan tafi da alharini da tangaran na Sin, tafiyar wata huɗu zuwa shida a tekun Pasifik, su dawo da azurfar Meziko da ta Peru.

Azurfar ba ta zauna ba, Sin ta wuce. Abin da ya zauna shi ne irin shuka da matuƙa da sojoji da limamai suka ƙunso a kayansu: masara, tumatir, barkono, gyaɗa, gwanda, abarba, rogo, koko na cakulan. Sunayen ma sun taho da su. Kamote, dankalin Hausa ke nan, da sayote da atsuwete da tiyangge, wato kasuwar rumfuna, duk daga harshen Nahuatl na Aztek suka fito. A wannan zamanin ne dai jiragen Turawa suka kawo rogo da masara da gyaɗa gaɓar Afirka ta Yamma, har suka iso gonakinmu. Saboda haka idan muka ga kare-kare, jelar sa da aka dafa cikin miyar gyaɗa mai kauri, muka ji kamar mun san ta, ba mu yi kuskure ba. Gyaɗar tasu da tamu uwa ɗaya ce, Kudancin Amurka, kowace ta bi nata tekun.

Yadda aka sarrafa abin da ya zo shi ne abin lura. A Meziko akwai wani kunun masara da cakulan mai suna champurrado. Da ya iso Manila sai aka cire masarar aka sa shinkafa mai danƙo, ya zama tsamporado, aka kuma haɗa shi da abin da Bameziƙe bai taɓa tunani ba, busasshen kifi mai gishiri. Zaƙi a cokali ɗaya, gishiri a na biyu.

Shi kansa ɗaya sunan na irin wannan gidan abinci, karinderiya, yana da nasa baƙon. Turawan Ingila sun mamaye Manila daga 1762 zuwa 1764, tare da sojojin haya daga Indiya. Da za su tafi, wasu daga cikin Indiyawan suka ƙi bin su, suka zauna a garin Cainta suka yi aure. Masana da dama suna danganta kalmar da kari, miyar kori ta Indiya, wadda aka riƙa sayar wa matafiya masu zuwa ziyarar cocin Antipolo a rumfunan bakin hanya.

Zaƙi da wanda ya biya kuɗinsa

A ƙarshen jerin tukwane akwai akwatin gilashi na kayan zaƙi. Mafi tsufa a ciki su ne kakanin, dangin wainar shinkafa: puto da ake turarawa, suman da ake naɗewa a ganyen ayaba, bibingka da ake gasawa da garwashi sama da ƙasa. Jiƙa shinkafa ake yi a markaɗa, kamar dai ƙullun wainarmu, sai dai su da madarar kwakwa suke damawa. Coci ta tarar da su ta ba su gurbi a kalandarta, shi ya sa bibingka ta zama abin da ake saye a ƙofar coci bayan addu'ar asubahi ta kwana tara kafin Kirsimeti.

Kusa da su akwai leche flan, gwaiduwar ƙwai da madara da sukari da aka turara a ɗan kwano mai siffar ƙwai. Wannan kam na Sifaniya ne. Ana yawan ba da labarin cewa magina cocin dutse suna kwaɓa farar ƙasa da farin ƙwai, gwaiduwar da ta yi saura ita mata suka mayar kayan zaƙi. A wancan zamani abincin gidan masu hali ne, na ranar biki. Ko abin sha yana nuna matsayi. A littafin Noli Me Tangere na José Rizal, wanda ya fito a 1887, akwai limamin da ke ba babban baƙo cakulan mai kauri, ƙaramin baƙo kuwa tsararo. A wani wurin kuma wani limamin ya fusata domin a liyafa wuya da fiffike kawai ya tarar a kwanonsa na tinola, farfesun kaza da citta da ɗanyar gwanda, wanda a yau sau da yawa ake zuba masa zogale. Masu mulki sun gane da su ake, suka haramta littafin, kuma suka harbe marubucin ranar 30 ga Disamba, 1896.

Kofin da ake kira barako, mai ƙarfi da ɗaci, na lardin Batangas ne. Garin Lipa ya yi arziki da shi a shekarun 1880, kafin wata cutar ganye ta cinye gonakin daga 1889.

Sukarin da ya sa kayan zaƙi suka sauko har rumfar talaka yana da nasa tarihin mai ɗaci. A 1855 aka buɗe tashar Iloilo ga jiragen ƙetare. Wani Bature ɗan Ingila, Nicholas Loney, ya riƙa ba masu gonaki injinan matse rake bashi, yana kuma shigo da yadin Manchester mai araha. Yadin ya kashe sana'ar saƙa ta Iloilo, masaƙa da iyalansu suka tsallaka tsibirin Negros suka zama 'yan ƙodago a gonakin rake. A zamanin Amurka sukarin Negros ya samu kasuwa ta musamman a can, masu gonaki suka gina manyan gidaje, masu yankan rake kuwa suna da watannin da suke kira matacciyar kaka, lokacin da babu aiki babu lada. Gatan kasuwar Amurka ya ƙare a 1974. A tsakiyar shekarun 1980 farashin sukari ya faɗi warwas a duniya, yunwa ta shiga Negros, hotunan ƙanjamammun yara suka zagaya jaridun duniya. Ranar 20 ga Satumba, 1985, jami'an tsaro suka buɗe wuta kan masu zanga-zanga a garin Escalante, kimanin mutum 20 suka mutu. Duk cokalin zaƙi da ke cikin akwatin gilashin nan yana da wannan a bayansa.

Halo-halo

Sarauniyar kayan zaƙin ita ce halo-halo, ma'anar sunan gauraya-gauraya. Dogon kofin gilashi ne. A ƙasa akwai wake da aka dafa da sukari, da ayaba, da dankali, da wasu 'ya'yan itatuwa. A kai a cika da gurzajjiyar ƙanƙara, a kwarara madarar gwangwani, a ɗora yankan leche flan da cokalin ube, wata doya ce mai launin shuɗi-ja da ake tuƙawa da madara, wani lokaci har da askirim. A ba ka dogon cokali ka gauraya da kanka.

Ƙanƙarar ta zo ne da sabon mai mulki. A yarjejeniyar Paris ta 10 ga Disamba, 1898, Sifaniya ta miƙa wa Amurka tsibiran a kan dala miliyan 20, ba tare da an tambayi Filifinawan da suka riga suka shelanta 'yancinsu a watan Yuni ba. Yaƙi ya biyo baya daga 1899, aka yi asarar rayukan fararen hula masu ɗimbin yawa. Sojojin Amurka ba sa jure zafi, kuma suna son naman da aka ajiye a sanyi, sai aka gina musu katafaren kamfanin ƙanƙara a bakin kogin Pasig, ya fara aiki a 1902. Su ne kuma suka cika kantuna da madarar gwangwani, a ƙasar da shanun tatsa ba su da yawa.

Dabarar gurza ƙanƙarar kuwa ta Japanawa ce. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu akwai 'yan ci-rani daga Japan da dama a Manila da Davao. Wasu sun buɗe rumfuna a wajen kasuwar Quinta ta unguwar Quiapo, tsallaken kogi daga kamfanin ƙanƙarar, suna sayar da wake mai zaƙi da ƙanƙara da madara irin na ƙasarsu. Filifinawa suka karɓa suka yi ta ƙari. Har da nata de coco, wani farin abu mai danƙo da wata masaniyar sinadarai, Teódula Kalaw África, ta samar daga ruwan kwakwa a 1949. Ga Japan, ga Amurka, ga Sifaniya, ga Meziko a kofi ɗaya, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke da halo-halo a gidansa.

Abin da yaƙi ya koyar

A kan kowane tebur akwai kwalbar jan kecaf, wanda idan muka ɗanɗana za mu ji ya fi wanda muka sani zaƙi. Babu tumatir a cikinsa, ayaba ce aka markaɗa da khal da sukari aka sa mata launi. Ana danganta shi da María Orosa, 'yar Batangas da ta karanta ilimin sinadarai a Jami'ar Washington da ke Seattle, ta dawo gida a 1922 da burin rage dogaron ƙasarta ga abincin gwangwani na ƙetare. Ta koya wa mata adana 'ya'yan itatuwa, ta nuna yadda za a yi gari daga rogo da ayaba da kwakwa maimakon alkamar da ƙasar ba ta nomawa. Rashin uwa, in ji Hausawa, kan sa a yi uwar ɗaki.

Da Japan ta mamaye ƙasar a 1942, Orosa ta ƙi barin Manila. Ta shiga cikin masu gwagwarmayar ɓoye, ta riƙa aika wa fursunonin da ke sansanonin Japanawa garin waken suya da biskit na dusar shinkafa a asirce, abin da ya ceci mutane da yawa daga yunwa da ciwon rashin sinadarin jiki. Ɓarɓashin bam ya kashe ta a watan Fabrairu na 1945, a yaƙin ƙwato Manila, wanda ya ci fararen hula kimanin 100,000 cikin wata guda.

Bayan samun 'yanci a 1946, sansanonin sojan Amurka sun zauna. A garin Angeles, kusa da sansanin jiragen sama na Clark, sojojin ba sa cin kan alade, ana sayar da shi da arha a bakin ƙofa. A shekarun 1970 wata mai rumfa a gefen layin dogo, Lucia Cunanan, wadda aka fi sani da Aling Lucing, ta riƙa gasa shi tana daddatsawa da albasa da kalamansi. Sisig ke nan, wanda yanzu ake yi har da kaza da kifi da awara. Amurkawa sun bar Clark a 1991, bayan aman wutar dutsen Pinatubo, abin da suka yar kuwa ya zama abin alfaharin lardin.

Tukunyar kudu

Mai karatu zai lura alade ya yi yawa a wannan girki. Musulmin da ya shiga turo-turo yana buƙatar kalmomi huɗu: baboy alade, manok kaza, baka naman sa, isda kifi, sannan ya tambayi man da aka yi suya da shi. Amma akwai wata Filifin ɗin da ba ta taɓa cin baboy ba. Musulunci ya riga Kiristanci isa tsibiran. Masallacin Shaihu Karimul Makhdum da ke tsibirin Simunul ana danganta kafa shi da shekarar 1380. Manilan da Legazpi ya karɓe, Musulmi ne ke sarautarta, Raja Sulaiman, mai dangantaka da gidan sarautar Brunei. Sifaniyawa, waɗanda ba su daɗe da kawar da daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus ba, suka kira su Moro, sunan da suke kiran Musulmin can. Sun yi fiye da shekara 300 suna yaƙi da daulolin Sulu da Maguindanao ba su gama da su ba.

Saboda haka girkin kudu ya fi kusa da na Malesiya da Indunusiya: kurkur, madarar kwakwa, barkono mai yawa. Mutanen Tausug suna da tiyula itum, baƙin farfesun nama da ake yi da ƙonanniyar kwakwa. A Zamboanga ana karya kumallo da satti, 'yan tsinkayen nama kamar ƙananan tsire cikin jar miya. Mutanen Maguindanao kuma suna da pastil, ɗan curin shinkafa da dambun kaza a ganyen ayaba, wanda saboda arharsa ya bi masu gudun rikicin Mindanao har Manila, ya zama abincin ɗalibai a kewayen Masallacin Zinariya na Quiapo da aka gina a 1976. Da wasu masu sayarwa suka fara yin sa da naman alade, Musulmin Mindanao sun nuna ɓacin ransu a fili. Gauraya ma tana da iyaka, kuma masu abu suna da haƙƙin faɗin inda iyakar take.

Rumfa ta bi masu ita

A 1974 gwamnatin Ferdinand Marcos ta mayar da tura ma'aikata ƙetare manufar hukuma. Miliyoyin Filifinawa yanzu suna aikin jinya da gini da tuƙin jirgin ruwa da aikatau a ƙasashen duniya, kuma kuɗin da suke aikowa gida ya haura dala biliyan 30 a shekara. Wasu daga cikin iyayenmu da suka yi sakandare a arewacin Najeriya a shekarun 1970 da farkon 1980 suna tuna malaman lissafi da kimiyya 'yan Filifin. Duk inda suka taru, turo-turo tana biye da su: Batha a Riyad, Satwa a Dubai, Woodside a New York. A Saudiyya adobon kaza ne da na sa. Ga mai aikatau da ke da hutun yini ɗaya a mako, wannan rumfa ita ce wurin da za ta yi yarenta, ta ji labarin gida, ta ci abinci ba a tsaye ba.

A gida kuwa arhar da aka san rumfar da ita tana cikin matsi. A Los Baños aka kafa cibiyar binciken shinkafa ta duniya a 1960, a nan aka fito da irin IR8 a 1966, wanda ya bunƙasa noman shinkafa a faɗin Asiya. Amma yau Filifin tana sahun gaba cikin ƙasashen da suka fi sayen shinkafa daga waje. A farkon 2023 kilon albasa ya fi kilon kaza tsada a kasuwannin Manila. Ube ya zama abin yayi a shagunan Amurka da Turai saboda launinsa yana kyau a hoto, alhali nomansa yana raguwa a gida. A 2019 sistocin Good Shepherd, waɗanda suka yi suna wajen tuƙa shi, sun sanar cewa sun koma amfani da farar doya saboda ƙarancin mai launin, suka ɗora laifin a kan sauyin yanayi.

Amsar tambayar da muka taho da ita ta fito. Baƙi sun kawo suna da iri da gwangwani da ƙanƙara, sau da yawa da bindiga a ɗaya hannun, amma mai girki ce ta yanke abin da zai shiga tukunya da yadda zai fito. Doreen Fernandez ta kira wannan mayar da baƙon abu ɗan gida. Sai dai wannan iko yana tsayawa ne muddin akwai shinkafar da talaka zai iya saye da manomin da bai bar gona ba. Kuma da ba don Fernandez da irinta sun zauna da masu rumfa da masunta sun rubuta abin da suka ji ba, da yawancin wannan tarihi ya tafi da masu shi. Mu ma muna da masu waina da masu ƙosai da masu fura da suka gaji sana'ar daga kakanni, kuma tsofaffin da suka san lokacin da taliyar 'yar murji ko awara ta shigo garinsu suna nan da rai. Wayar da muke karanta wannan da ita tana ɗaukar murya.